Gwangwanaye Masu Jan Zare

Sai da Malam Gwadabe ya ga akori-kura ta tsaya a ƙofar gidansa da ke Ƙofar Durbi, da 'yan dako biyu a bayanta suna riƙe da igiya, sannan ya tuna cewa firjin ba nasa ba ne.

Buta ce a hannunsa. Ya tsaya da ita a bakin zaure, ruwa yana zuba kan takalminsa bai sani ba. Ya san da zuwan mutanen. Ya san yau Lahadi dangin matarsa, marigayiya Furera, za su zo a raba abin da ta bari, tun da an riga an yi sadakar arba'in. Ya share tsakar gida, ya shimfiɗa tabarmi, ya sayo goro. Ya yi tunanin gadonta na ƙarfe, ya yi tunanin kwallayenta da akwatunan zannuwa. Abu guda ne bai faɗo masa a rai ba, shi ne kuma aka kawo wa igiya.

Alhaji Sammani, ƙanen Furera, shi ya fara dirowa daga gaban motar. Akwai wasa tsakaninsu irin na miji da ƙanen mata, kuma rasuwar ba ta kashe wasan ba, ta dai rage masa ƙarfi.

"Akawu, an tashi lahiya? Ya ƙarin haƙurinmu?" in ji shi. Ya dubi ƙasa. "Ko yanzu a ofishin naku har takalmi ake yi wa alwala?"

"Lafiya lau, Alhaji ƙarami. Haƙuri mun gode Allah," in ji Gwadabe, amma idonsa yana kan igiyar.

Bayansa sai Malam Babaji, malamin da zai yi rabon, sai Rabi ƙanwar Furera, tana riƙe da hannun mahaifiyarsu, Inna Dije, wadda aka ɗauko tun daga Batagarawa. Gwadabe ya cire takalminsa, ya durƙusa a gefen zaure ya gaishe ta. Ta amsa daga cikin mayafi, fuskarta tana kallon bango. Haka suke tun ranar da ya auri 'yarta. Ba ya ci ba ya sha a gabanta, ita kuma in tana da magana da shi sai ta faɗa wa wani ya faɗa masa, ko da yana zaune yana ji. Furera kuwa 'yar fari ce, saboda haka ba a taɓa jin sunanta a bakin Inna ba. "Yarinyar ga" take cewa. Ko ranar da aka kawo labarin rasuwar, ba wanda ya ga hawayenta.

Kafin a ci gaba, ya kamata a faɗi yadda firjin ya shigo gidan, da abin da ke cikinsa.

Furera ce ta saye shi da kuɗin adashinta, a shekarar da aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi, kowa a Katsina yana sayen babur da rediyo da fanka. Firji ne na kwance, fari, mai murfi a sama, irin wanda 'yan boko ke kira firiza. Ta ajiye shi a ɗan ɗakin ajiya kusa da madafi, tana ƙulla ƙanƙara da zoɓo a leda, mutanen unguwa suna layi lokacin zafi. Da ribarsa da ɗan abin da mijinta ya ƙara mata ta biya kujerar Makka, aka shirya za ta tafi tare da Sammani.

Abin da ya dame ta shi ne cikin Gwadabe. Allah bai ba su haihuwa ba, su biyu ne a gidan, danginsa kuma suna nesa. Ƙarin albashin da ake ta murna, 'yan kasuwa sun riga sun cinye shi, don kwanon tuwo a tasha ya ninka, nama ya zama sai wane da wane. Ta ce in ya dinga saye a waje, kafin ta dawo ya sayar da kekensa.

Saboda haka ana saura mako guda tafiya ta ajiye sana'ar ƙanƙara. Ta aika kasuwa da yamma liƙis, lokacin da mutanen ƙauye ke neman su rabu da kaya su koma gida, aka sayo mata kwandon tumatir da tattasai a kan araha. Ba ta sayi tsoka ba, ƙashi ta saya da kan sa. Ta kafa manyan tukwane kamar mai biki, ta yi miyar taushe, ta yi ta kuka, ta yi dage-dage. Ta zuzzuba a gwangwanayen madarar gari masu murfi, kowane gwangwani cin mutum ɗaya, ta ɗaure kowanne da jan zare don kada ya rikita su da na zoɓo. Ta koya masa dafa shinkafa a risho da tuƙa ɗan tuwo, tana dariya har tana riƙe ciki.

"Ka fitar da guda da safe kafin ka tafi ofis," in ji ta. "In ka dawo ka juye a tukunya, ka bari ya tafasa sosai. Kuma ka ji ni da kyau, Malam. Abin da ya narke ba ya komawa. In ka fitar, sai ka ci."

Ta sauke farali lafiya. A Madina zazzaɓi ya kama ta, a can aka binne ta. Sammani ya dawo shi kaɗai da akwatinta.

A zaman makoki, gaban mutane, Gwadabe ya ce duk abin da shari'a ta ba shi cikin dukiyar matarsa ya bar wa Inna. Aka yi ta sa masa albarka, aka ce haka 'ya'yan mutunci ke yi. Shi a lokacin zannuwa da kwanuka yake gani a ransa.

Tun daga ranar da labarin rasuwar ya zo bai ƙara buɗe gwangwani mai jan zare ba. Wajen rabinsu suna nan. Da kwanukan maƙwabta suka daina shigowa, ya gwada sayen abinci a waje, albashin bai kai shi tsakiyar wata ba. Sai wata Lahadi ya rufe ƙofar gida ya sa sakata, ya yi abin da ya ga tana yi. Markaɗe can Ƙofar Guga yake kai wa, inda ba a san shi ba, ya ce aiko shi aka yi daga cikin gida. In zai yi daka sai ya ƙure rediyo. Tukunyar farko ta ƙone, ta biyu ta yi ruwa tsululu, amma ya ci. Nasa gwangwanayen yana jera su a hagu, babu zare. Kullum da safe ya ɗaga murfi, ya ɗauki nasa guda, ya dubi nata a dama, ya rufe.

To, yanzu ga shi an zauna. Inna Dije tana kan tabarma a inuwar katanga, Rabi tana fito da kaya, Malam Babaji yana duba kowane abu yana faɗin ƙimarsa. Gwadabe yana tsugune can nesa. Rana tana ƙara ɗagawa, don zafi ya fara shigowa. Daga ɗan ɗakin ajiya ana jin gurnanin firjin a hankali, shi kaɗai yake sauraro.

"Akawu, ba ni makullin ɗakin can," in ji Sammani. "Mu fara ɗora babban, yaran nan suna da wani aiki. Inna ta ce in kai shi shagona, lemo zan riƙa sawa."

"Ban san inda na ajiye shi ba."

"Ba shi ne wannan da ke haɗe da makullin kekenka ba? Ko shi ma ka manta inda ka aje keken?"

Gwadabe ya miƙa masa. Ya so ya yi magana, amma maganar ta Inna ce, ga ta zaune, shi kuma bai taɓa roƙonta ko allura ba. Yaya zai ce ya fasa kyautar da ya yi da bakinsa?

Sammani ya shiga ya zare wayar daga bango. Gurnanin ya tsaya. Gwadabe ya ji shirun har cikin haƙoransa.

Rabi ta bi bayan yayanta da tsumma, don ta goge cikin kafin a ɗauka. Ta zaci ba komai sai ragowar ledojin ƙanƙara. Da ta ɗaga murfin, hayaƙin sanyi ya taso mata, ta tsaya tana kallon gwangwanaye jere reras. Ta ɗauki guda. Zaren ta fara gani. Ƙullin irin wanda Furera ke yi a ƙarshen kitso ne, ninki biyu da ɗan wutsiya, wanda Rabi ta sha ji a ƙeyarta tun tana ƙarama.

Ta fito da shi tsakar gida, ta ɓalle murfin da bakin cokali. Miyar taushe ce, ta daskare kamar dutse, ga ganyen alayyafo kore shar, ga ƙashi a tsaye a tsakiya. A samanta har ana ganin inda bayan ludayi ya danna.

"Mijin Yaya," in ji ta, muryarta ƙasa-ƙasa. "Wa ya yi wannan?"

"Ita."

"Ita wa?"

"Yayarki."

Rabi ta ajiye gwangwanin a ƙasa, cikin rana, kamar ya ƙone ta. Ta goge hannunta a zane, ta sake gogewa. Idi, babba cikin 'yan dakon, ya saki igiyar ya ja baya har bakin zaure.

"Alhaji," in ji shi, "ai ba ka ce mana da abincin mamaciya ciki ba."

Sammani bai ji shi ba. Ya zo ya tsaya kan gwangwanin, sannan ya zauna a kan turmi.

"Ni na raka ta," in ji shi. "Da hannuna na zuba ƙasa. Na hau jirgi na dawo, an yi uku, an yi bakwai, an yi arba'in. Kuma kana ce mini miyarta na nan ko tsami ba ta yi ba?"

"Kafin ku tafi ta dafa," in ji Gwadabe. "Don kada in yi ta saye a waje."

Malam Babaji ya ce a miƙo masa. Ba wanda ya motsa, sai ya tashi da kansa ya durƙusa, ya taɓa miyar da ɗan yatsa, ya janye da sauri. Ya yi salati a hankali.

"Na raba hatsi, na raba akuya da ciki, na raba gona da shuka a kanta," in ji shi. "Ban taɓa raba miyar da ta fi mai dafa ta kwana ba. Yanzu wannan haka za ta zauna?"

"In dai da wuta, Malam."

Duka suka dubi wayar da ke yashe a bakin ƙofa. Ba wanda ya ɗauka.

Malam Babaji ya koma ya zauna, ya daɗe yana shafa gemu. Ya ce abincin dai na Gwadabe ne, tun da don shi ta dafa, ta kuma ba shi tana da rai, wannan ba ya shiga rabo. Akwatin kuwa dukiyar marigayiya ce. Da Gwadabe yana da babban rabo a ciki, amma ya bar wa Inna a gaban shaidu, shi kansa malamin yana wurin.

"To in an ɗauke akwatin, Malam, abincin fa?" in ji Rabi.

"Sai ya ci abin da zai iya, ya yi sadaka da saura."

"Wa zai karɓa?" in ji Idi daga zaure.

Inna Dije ba ta ce komai ba. Mayafinta ma bai motsa ba. Sammani ya ɗauki shirun a matsayin izini, ya tashi ya shiga ɗakin don ya fara kwashe gwangwanayen, tun da ba za a ɗaga akwatin da kaya a ciki ba. Jim kaɗan ya fito da guda biyu daga ɓangaren hagu.

"Waɗannan ba su da zare."

Rabi ta buɗe ɗaya ta leƙa. "Yaya ba ta yanka albasa manya-manya haka."

"Wannan na Lahadin da ta wuce ne," in ji Gwadabe, kafin ya yi tunani.

Sammani ya juyo a hankali. Wasan duk ya bar fuskarsa.

"Lahadin da ta wuce," in ji shi. "Malam Gwadabe, wace ce?"

"Babu kowa."

"Babu kowa ta shigo gidan Yayata, ta hau murhunta, ta ɗauki ludayinta, ta jera nata kusa da nata? Shi ya sa makulli ya ɓace? Ba mu hana ka aure ba. Amma ka bari tabarmar makoki ta huce, kuma ka biyo ta ƙofa."

Abin da Gwadabe ya yi ta ɓoyewa da sakata da rediyo, yanzu ko dai ya faɗe shi a gaban surukarsa, ko kuma a tashi da wannan zargi a kai shi Batagarawa. Ya dubi ƙasa.

"Ni ne."

"Kai ne mi?"

"Ni nake dafawa. Ran Lahadi nake yin na mako guda, in zuzzuba in sa a ciki, yadda na ga ta yi. Ya fi mini sauƙi. Albashin ba ya kai ni."

Malam Babaji ya saki gemunsa. Rabi ta dubi turmi, ta dubi taɓarya, ta dubi mijin yayarta, akawu mai agogo da alƙalami a aljihu, sai yanzu ta lura da tabon ƙuna a wuyan hannunsa.

"Kai ka yi jajjage?" in ji ta. "Kai ka daka daddawa?"

"Ni."

"Kai da ko ruwan shayi Yaya ke ɗora maka," in ji Sammani. "Ka nemi wata maganar."

Daga inuwar katanga muryar Inna ta fito, karo na farko tun da aka zauna.

"Rabi, kunna risho. Ɗora ɗaya cikin marasa zaren."

Aka ɗora. Kowa yana tsaye yana kallon dunƙulen miya yana narkewa a tukunya, kamar ba su taɓa ganin tukunya ba. Da ta tafasa Rabi ta zuba a ƙaramin kwano ta kai. Inna ta sa ɗan yatsa ta kai baki a ƙarƙashin mayafi.

"Ki ce ma Sammani ya rufe bakinshi," in ji ta. "Babu macen da ta yi wanga miya. Gishiri kamar an yi ɓari, daddawa ba ta daku ba, albasa ɗanya. Ko ɗiyar shekara bakwai ta yi haka sai ta sha rankwashi."

Idi ya yi wata 'yar dariya ya haɗiye ta. Sammani ya cire hularsa ya sake sawa.

"Akawu, ka yafe ni," in ji shi. "Wallahi ban san abin da zan ce ba. Ashe kuku muke da shi a dangi."

Idon Gwadabe ya kai kan gwangwanin farko, wanda Rabi ta bari a rana tun ɗazu. Jikinsa ya jiƙe, ƙasar da ke ƙarƙashinsa ta yi duhu, ƙashin da ke tsaye a tsakiya ya kwanta. Ya taso da sauri ya ɗauka, ya nufi ɗakin ajiya. A bakin ƙofa ya tsaya cak.

"Mayar mana, tun da sauran sanyi a ciki," in ji Rabi.

"Ba ya komawa," in ji shi. "Ta ce abin da ya narke ba ya komawa. In an fitar sai an ci."

Yana tsaye riƙe da shi da hannu biyu, ruwan sanyi yana bin yatsunsa. Bai san inda zai kai shi ba.

"Rabi, amso ki ɗora," in ji Inna.

Rabi ta wanke tukunyar ta juye. Garin juyewa ta zubar da kaɗan a gefen risho. Da farko ba a ji komai ba. Can sai ƙamshin ya tashi, kabewa da gyaɗa da 'yar yakuwa, da wani abu da Furera ke sawa wanda ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Ya cika tsakar gida, ya shiga zaure. Duk wanda ya taɓa zuwa gidan nan da azahar ya san wannan ƙamshi. Sammani ya juya baya ya dafa katanga. Rabi ta toshe bakinta da gefen zane, tana juya miyar da ɗaya hannun.

Aka kai wa Inna. Wannan karon ta yaye mayafin daga fuskarta. Ta ɗanɗana, ta sake ɗanɗanawa, tana kallon cikin kwanon.

"Kabewa ta yi yawa," in ji ta. "Kullum sai na ce, Furera, ki rage kabewa. Furera, miya ba kunu ba ce. Ba ta ji."

Rabi da Sammani suka dubi juna. Tun da aka haife su ba su taɓa jin sunan nan daga wannan bakin ba. Ita kanta Inna kamar ba ta san ta faɗa ba. Hawaye yana bin kumatunta yana sauka haɓarta, ba ta share ba, ta ci gaba da lasar yatsa.

Da ta ɗago, ba Rabi ta duba ba.

"Malam."

Gwadabe ya waiwaya ya ga ko da Malam Babaji take. Da shi take. Ya durƙusa.

"Na'am, Inna."

"Masu zaren ga, kana cinsu?"

"A'a, Inna."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da labari ya zo."

"To mi kake yi da su?"

Can ya ce, "Ina dubawa da safe."

"Ta tsaya bakin wuta tana shirin tahiya, ƙahwahunta har sun kumbura, na gani da na zo bankwana, don ka riƙa dubawa?" Ta juya. "Malam Babaji, akwatin ga rabona ne ko ba rabona ba?"

"Naki ne, Inna, in kin zaɓe shi."

"Na zaɓa. Gidana ba lantarki. Sammani, maida musu wayarsu."

"Inna, na riga na gyara wuri a shago, har na gaya wa…"

"Shagon zai gudu?"

Sammani ya ɗauki wayar ya shiga. Gwadabe ya sunkuyar da kai yana neman kalmar godiya, amma ba ta gama ba.

"Ba don ka ci gaba da kallo na bar shi ba," in ji ta. "Duk Juma'a ina shigowa gari. Ka hiddo guda tun da sahe, in na zo mu ci, ni da kai. Ran da masu zare suka ƙare, Sammani ya kawo igiyarshi."

Gwadabe ya ɗago kai, abin da bai taɓa yi a gabanta ba. Ya dubi ƙofar ɗakin ajiya. A ransa ya ga layin dama yana raguwa Juma'a bayan Juma'a, har ya ga farin ƙasan akwatin.

"To shi kuma nasa girkin, Inna?" in ji Rabi. "In an ɗauke, ina zai riƙa sawa?"

"Sai mu gani in hannunshi ya gyaru kafin lokacin. Ba ni barin ma mai wanga gishiri firji."

Daga cikin ɗakin aka ji wani ɗan ƙas, sannan gurnanin ya dawo. Idi ya naɗe igiyarsa ya rataya a kafaɗa, ya tambayi Alhaji ko gadon ƙarfen za su ɗora.

"Akwai tuwo a gidan ga?" in ji Inna.

Akwai ragowar na jiya, wanda Gwadabe ya tuƙa, duk gudaji. Rabi ta ɗumama ta kawo. Inna ta gutsura, ta tura kwanon miyar tsakiyar tabarma, zuwa wajensa.

"Wanke hannu."

"Inna, ni a gabanki…"

"Ya narke, Malam. Kai ka ce ba ya komawa."

Ya ɗauko butar da ya bari a bakin zaure ya wanke hannu. Ya zauna a can ƙarshen tabarmar, ya ɗan juya kafaɗa. Malam Babaji ya mayar da idonsa kan kwallaye, Rabi ta shiga madafi, Sammani ya fita wajen mota. Gwadabe ya gutsuri tuwon, ya dangwala, ya riƙe lomar a hannu har miyar ta fara bin yatsansa. Inna tana jira, ba ta kai tata baki ba. Ya yi bisimilla ya ci.